Tambayoyi da amsoshi kan yanda 'yan rakiya ke taimaka wa sabon furotin ya naɗe a cikin bakteriya

Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu karatun bayoloji da bayokemistiri in aka zo kan naɗewar furotin a cikin bakteriya. Galibin misalan daga bakteriyar E. coli suke, don a kanta aka fi yin binciken. Furotin ɗin da ke wannan aikin taimako a littafi za ka ga an ce musu shaferon, a nan 'yan rakiya zan riƙa ce musu.

Wai me ake nufi da naɗewar furotin ɗin ma tukuna?

Ribosom in yana haɗa furotin ba wani abu mai siffa yake fitarwa ba, sarƙa ce doguwa ta amino asid, yana jona su ɗaya bayan ɗaya daidai da jerin da saƙon mRNA ya zo da shi, wannan aikin shi ake kira fassara. To sarƙa a miƙe ba ta tsinana komai. Sai ta lanƙwashe ta naɗe ta ɗauki wata siffa guda ɗaya tak da ta dace da ita sannan ta zama enzayim ko mashiga ko duk abun da aka yi ta dominsa. Babban abun da ke tura naɗewar shi ne cikin amino asid iri 20 ɗin nan akwai masu gudun ruwa, irin su lusin da balin da fenilalanin, su kullum so suke su ɓuya a tsakiya inda ruwa ba zai taɓa su ba, masu son ruwa kuma su tsaya daga waje. Ka riƙe wannan, don duk rigimar da za mu yi magana a kanta daga nan ta taso.

Amma ba an ce furotin da kansa yake naɗewa ba? Me ya kawo maganar taimako?

An ce, kuma gaskiya ne. Christian Anfinsen ne ya nuna haka a Amurka da wani ƙaramin enzayim, ribonuclease A, mai amino asid 124. Ya warware shi da sinadarai har ya daina aiki, da ya janye sinadaran sai ga shi ya koma siffarsa da kansa yana aiki, ba wanda ya nuna masa hanya. Ma'ana bayanin siffar yana cikin jerin amino asid ɗin. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1972, kuma har gobe maganarsa na nan daram, 'yan rakiya ba su rushe ta ba, don ba su ne ke gaya wa furotin siffar da zai ɗauka ba.

Sai dai ka duba yanayin da aka yi gwajin. Furotin ɗin ƙarami ne, cikakke ne daga farko har ƙarshe, kuma yana cikin ruwa mai yawa ba cunkoso. A cikin bakteriya kuwa lamarin ba haka yake ba sam, cikinta a cunkushe yake, furotin da RNA da sauransu sun kai giram 300 zuwa 400 a kowace lita, ko ina ka juya akwai wani kusa da kai. Sannan sabon furotin ba cikakke yake fitowa ba, kaɗan-kaɗan yake fitowa.

To mene ne matsalar in ya fito kaɗan-kaɗan?

Nan ne zuciyar maganar, kuma a ganina wanda ya gane wannan ya gane rabin darasin. Ribosom na E. coli yana jona amino asid kamar 15 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya in tana girma sosai, wato furotin mai amino asid 300 zai ɗauki daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin a gama shi. A wurinmu wannan ba komai ba ne, amma a wurin furotin lokaci ne mai tsawon gaske, don ƙananan sassa suna iya naɗewa cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa ko ma ƙasa da haka. Kaga kenan kan sarƙar ya riga ya fito waje yana lilo, yana ɗauke da masu gudun ruwa a fili, alhali abokan da ya kamata su haɗu da su su ɓuya tare ba a ma ƙera su ba tukuna, suna can ƙarshen saƙon.

Kuma ba zai zauna ya jira ba, ai ba hankali gare shi ba, duk abun da ya samu mai gudun ruwa zai manne masa. Ko ya manne wa wani sashe na jikinsa da bai kamata ba ya maƙale a gurguwar siffa, ko ya manne wa sarƙar maƙwabci, kuma maƙwabcin yana kusa sosai domin ribosom da yawa ne ke bin saƙon mRNA ɗaya a jere a lokaci guda, kowanne na fitar da sarƙa iri ɗaya. Kamar igiyoyi ne da aka shafa wa gam wuri-wuri ana zaro su daga ramuka kusa da juna, in ba wanda ya riƙe wuraren gam ɗin sai dai ka tarar sun cure wuri guda. Irin wannan curin ba ya aiki, kuma in ya yi yawa yana cutar da bakteriyar.

Don haka aikin 'yan rakiya yawanci tsaro ne da jinkirtarwa: su rufe wuraren nan masu manne-manne har sai sarƙa ta isa, sannan su sake ta ta yi abun da dama ta iya.

Ta ina sarƙar take fitowa, kuma tana fara naɗewa tun a ciki?

Akwai wani rami da ya ratsa babban ɓarin ribosom, tsawonsa kamar nanomita 10, faɗinsa kuma nanomita 1 zuwa 2 ne kawai, yana ɗaukar amino asid wajen 30 zuwa 40 na sabuwar sarƙar. Akwai wani wuri da ya ƙara tsukewa inda furotin L4 da L22 suka leƙo ciki. Saboda matsin nan babban sashe ba zai iya naɗewa a ciki ba, amma ƙananan murɗe-murɗe irin alfa helis suna yiwuwa, kuma can wajen bakin ramin inda ya ɗan buɗe an ga ƙananan sassa masu amino asid kamar 30 sun naɗe tsaf tun ba su fito ba. Wato shi kansa ribosom ɗin ɗan rakiya ne na farko. A cikin wannan ramin ne ma maganin eritromaisin ke zama ya tare hanya.

Wa ke fara tarbar sarƙar in ta leƙo?

Trigger Factor, za mu ce masa TF. Shi ne ɗan rakiyar da ke zaune a jikin ribosom a bakteriya, kuma ni dai shi ya fi burge ni cikinsu duka. A E. coli amino asid 432 gare shi, yana kama furotin L23 da ke daidai bakin ramin, sai ya sunkuya ya rufa a kan bakin da jikinsa. Lokacin da lab ɗin Nenad Ban a Zurich suka fitar da siffarsa a 2004 sun kwatanta shi da dodo a durƙushe: wutsiya ita ke riƙe ribosom, kai yana can ɗaya gefen, tsakiya kuma hannuwa biyu ne da suka buɗe suka yi kwarmi. A cikin wannan kwarmin sarƙar ke shiga, kuma bangon cikinsa na da wurare da yawa, wasu masu gudun ruwa wasu masu son ruwa, shi ya sa yake iya riƙe sarƙoƙi iri-iri ta wurare da dama a lokaci ɗaya, ba da ƙarfi sosai ba, riƙo ne mai saurin saki.

Abubuwa biyu nake so a lura da su. Na farko TF ba ya cin ATP, wato makamashin da sel ke aiki da shi, ko kaɗan, kamawa da saki kawai yake. Na biyu yawansa ya fi na ribosom, ninki biyu zuwa uku, don haka kusan duk ribosom ɗin da ke buƙata zai samu. Yakan yi kamar daƙiƙa 10 a jikin ribosom, in sarƙar na da wuraren gudun ruwa da yawa sai ya saki ribosom ɗin ya bi sarƙar yana riƙe da ita, wani sabon TF ya zo ya hau gurbinsa, kaga doguwar sarƙa ɗaya tana iya samun TF fiye da ɗaya a jikinta.

Da can ana zaton da sarƙa ta leƙo yake cafke ta. Binciken da aka fitar a 2011 daga lab ɗin Bernd Bukau a Heidelberg da na Jonathan Weissman ya nuna a cikin bakteriya mai rai sai sarƙar ta kai wajen amino asid 100 sannan yake kama ta da gaske. Sun kuma ga furotin ɗin da za su je fatar waje ta bakteriya suna cikin waɗanda ya fi riƙewa, abun da ya yi daidai da yanda aka fara gano shi tun 1987 a lab ɗin William Wickner, wajen binciken yanda ake fitar da furotin proOmpA. A 1988 aka gane ashe a jikin ribosom yake zama, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka nuna yana kama sabbin sarƙoƙi.

Kan dodon nan enzayim ne da ke juya haɗin da ke gaban amino asid prolin, wanda abu ne da kan jinkirta naɗewa, amma da aka cire shi an ga TF na ci gaba da yawancin aikinsa. Ƙarfin yana hannuwan.

Me yasa yake jira har amino asid 100? Ba haɗari ba ne?

Saboda akwai masu aiki a bakin ramin kafin shi. A bakteriya duk furotin da wani metiyonin mai ɗauke da alamar formil yake farawa, to akwai enzayim PDF da ke cire formil ɗin, sai MAP ya zo ya yanke metiyonin ɗin kansa a furotin da yawa, kuma dole PDF ya riga don MAP ba ya iya yanka in formil na nan. Sannan ga SRP, shi ma L23 ɗin yake kamawa, yana duba ko sarƙar da ke fitowa ta furotin ɗin fatar ciki ce, in ya ga dogon sashe mai gudun ruwa sosai sai ya ja ribosom ɗin gaba ɗaya zuwa mashigar SecYEG a ci gaba da fassara ana cusa furotin cikin fata kai tsaye. Da TF zai rufe sarƙar tun daga amino asid na farko da waɗannan ba su samu wuri ba.

Kenan TF sauri yake sa furotin ya naɗe?

A'a, sau da yawa ma akasin haka. Gwaje-gwaje sun nuna yana jinkirta naɗewa, har yana iya sassauta wata 'yar siffa mara ƙarfi da sarƙa ta yi gaggawar ɗauka. An ga haka ƙarara da lusiferes, wani enzayim mai samar da haske, wanda da TF da DnaK ya fi daɗewa kafin ya fara aiki amma adadin da ya naɗe daidai ya fi yawa. Mutane da yawa na shiga wannan darasin da tunanin ɗan rakiya injin hanzari ne, gara a cire wannan tun wuri, abun da yake ƙarawa shi ne yawan waɗanda suka kai gaci.

DnaK fa, ina ya shigo?

DnaK shi ne na bakteriya a dangin 'yan rakiyar da ake kira Hsp70, ba a jikin ribosom yake ba, yawo yake a cikin sel, amma yana kama sarƙoƙin da ba a gama ba, musamman dogaye, da waɗanda aka gama ba su naɗe ba. Abun da yake nema ɗan guntu ne na amino asid kamar 5 masu gudun ruwa da wasu masu cajin (+) a gefensu, kuma irin wannan guntun yana fitowa kusan duk bayan amino asid 40 a yawancin furotin, a furotin da ya naɗe daidai suna ɓoye a ciki, don haka ganinsu a fili alama ce aiki bai kammala ba.

Shi kam yana cin ATP, kuma ba shi kaɗai yake aiki ba. In yana riƙe da ATP murfinsa a buɗe yake, kamawa da saki da sauri. DnaJ ne ke fara gano sarƙar ya kawo masa, ya kuma zuga shi ya fasa ATP ɗin, zugar nan tare da sarƙar tana ƙara saurin fasawar sama da ninki 1000, da ya fasa sai murfi ya rufe gam a kan guntun. Sai GrpE ya zo ya zare ADP, wato abun da ya rage bayan an fasa ATP, sabon ATP ya shiga, murfi ya buɗe, sarƙa ta samu 'yanci. In ta naɗe shi ke nan, in har yanzu wuraren na fili a sake kama ta. Haka za a yi ta zagayawa. An ƙirga furotin wajen 700 na E. coli da ke mu'amala da DnaK, shi ya sa ake masa kallon mahaɗar hanya: yana karɓa daga TF, wasu ya sake su su naɗe, wasu ya miƙa wa GroEL.

In aka cire TF bakteriyar mutuwa take?

Ba ta mutuwa, tana girma kusan lafiya lau, DnaK ne ke ɗaukar nauyin, ana ganin yawan sabbin sarƙoƙin da yake kamawa ya ƙaru sosai. In DnaK kaɗai aka cire tana rayuwa a matsakaicin zafi amma ba ta jure digiri 42. In kuwa aka cire duka biyun, sama da digiri 30 na Salshiyos ba ta rayuwa, ɗaruruwan furotin iri-iri sai su cure. Lab ɗin Bukau da na Ulrich Hartl ne suka nuna wannan a 1999, kowanne daban.

GroEL ɗin da ake ta magana, ya yake aiki?

Wannan salonsa daban ne, ba riƙe sarƙa yake a fili ba, ɗaki yake saka ta. GroEL zobe biyu ne da suka juya wa juna baya, kowane zobe guda 7 ne suka haɗu, jimla 14, nauyinsa wajen kilodalton 800 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne), kowane zobe da rami a tsakiya. GroES kuma murfi ne, shi ma guda 7. Bakin zoben daga ciki mai gudun ruwa ne, don haka furotin da bai naɗe ba yana mannewa a nan, kuma da yake wurare da yawa ke riƙe shi ana ɗan ja shi a buɗe, abun da kan warware gurguwar siffar da ya maƙale a ciki. Sai ATP guda 7 su hau zoben, GroES ya sauko ya rufe, a nan ne abun mamakin ke faruwa: sassan saman zoben suna miƙewa su juya, wuraren nan masu gudun ruwa da suka riƙe furotin ɗin su koma riƙe murfin, ɗakin ya ninka girma, bangonsa ya koma mai son ruwa. Furotin ya faɗa ciki shi kaɗai, ba abun da zai manne wa, ba maƙwabci. Yana da 'yan daƙiƙu, kamar 10 a zafin ɗaki, iya lokacin da zoben ke ɗauka ya fasa ATP ɗinsa, sannan ATP ya hau ɗaya zoben, murfi ya tashi, a sake shi ko ya gama ko bai gama ba. Wanda bai gama ba ya sake shiga.

Ɗakin na ɗaukar furotin har kusan kilodalton 60. A binciken da lab ɗin Hartl suka fitar a 2005 sun samu furotin wajen 250 da ke shiga hannun GroEL, cikinsu kamar 85 ne suka ƙiyasta ba sa iya naɗewa in ba da shi ba, kuma da yawansu masu siffar nan ce da ake kira TIM barrel. Wasu daga ciki rayuwar bakteriyar ta rataya a kansu, shi ya sa E. coli ba ta rayuwa ba GroEL a kowane irin zafi, saɓanin TF da DnaK. Misali ɗaya da nake son kawowa shi ne DapA, enzayim ne a hanyar haɗa wani sinadari da ake gina bangon bakteriya da shi. In aka rage GroEL, DapA ba ya naɗewa, sinadarin ya ƙare, bango ya yi rauni, sai ka ga bakteriyar ta fashe. Daga rashin naɗewar furotin ɗaya har zuwa fashewar sel.

Masana sun daɗe suna muhawara ko ɗakin keɓewa kawai yake yi ko kuwa matsinsa da cajin bangonsa suna hanzarta naɗewar, kuma an samu furotin da suka fi saurin naɗewa a ciki fiye da waje. Hartl da Arthur Horwich na jami'ar Yale sun samu kyautar Lasker a 2011 kan wannan fannin.

Shi ma lokacin fassara yake aikinsa?

Galibi bayan an gama. Ba yanda za a rufe murfi a kan sarƙar da gindinta ke ɗaure a ribosom. TF da DnaK ne ke lallaɓa ta har ta iso gare shi ba ta cure ba.

Duk furotin ne ke bi ta hannunsu duka?

A'a. Ƙiyasin da aka saba bayarwa shi ne kamar kashi 70 cikin 100 na furotin ɗin cikin sel, yawanci ƙanana, TF ya ishe su, kamar kashi 20 na buƙatar DnaK, kamar kashi 10 kuma su kai ga GroEL. Kar dai ka ɗauke shi layi ne miƙaƙƙe da kowa ke bi, suna cike wa juna gurbi, furotin na iya komawa baya. Kuma ba duk bakteriya ke bin tsarin E. coli ba, akwai wasu a dangin Mycoplasma da ba su da GroEL kwata-kwata, yayin da Buchnera da ke zaune cikin jikin ƙananan ƙwarin da ke tsotsar tsirrai take cika kanta da shi.

Saurin ribosom ɗin yana da tasiri?

Yana da shi. Ribosom ba gudu ɗaya yake ba daga farko har ƙarshe, akwai kodon (haruffa uku na mRNA da ke nuna amino asid ɗaya) da tRNA ɗinsu, mai kawo amino asid ɗin, ba shi da yawa sai ya ɗan dakata, akwai jerin prolin da ke tsayar da shi har sai wani furotin, EF-P, ya zo ya taimaka. An yi gwaje-gwaje inda aka canza kodon ba tare da an canza amino asid ko ɗaya ba, gudun ya canza, sai ga furotin ya fito wani kaso nasa bai naɗe daidai ba. Jeri ɗaya ne fa, lokaci ne kawai ya bambanta. Wannan ma ya sa wasu furotin na mutum ko dabba masu sassa da yawa ke wahala a cikin E. coli, don ribosom ɗinmu ya fi nata tafiya a hankali sosai, an kuma nuna in aka rage gudun ribosom ɗin bakteriyar wasu daga cikinsu na naɗewa da kyau.

Wani abun kuma, wasu furotin tun suna kan ribosom suke haɗuwa da abokan aikinsu. An nuna haka a 2015 da LuxA da LuxB, ɓari biyu na enzayim ɗin da ke sa wasu bakteriya haske: LuxA da aka gama yana kama LuxB tun ana cikin ƙera shi, kuma haɗuwar ta fi kyau in saƙon mRNA ɗaya ne ya ɗauko su biyun. TF kuma shi ke hana su haɗuwa da wuri, sai wurin haɗin ya gama fitowa.

In duk da haka furotin ya lalace fa?

Akwai masu bin baya. IbpA da IbpB suna shiga cikin curin su hana shi yin tauri, ClpB tare da DnaK su zo su zaro sarƙoƙin ɗaya-ɗaya, ClpB zobe ne na guda 6 da ke jan sarƙa ta ramin tsakiyarsa da ƙarfin ATP, a ba ta dama ta biyu. Wadda ta ƙi gyaruwa Lon ko ClpXP su daddatsa ta a sake amfani da amino asid ɗin.

Yanda bakteriyar ke sanin ana buƙatar ƙarin 'yan rakiya ma abun sha'awa ne. Akwai wani furotin sigma 32 da ke kunna ƙera su. A zaman lafiya DnaK na riƙe shi, enzayim FtsH na cinye shi, don haka ba ya taruwa. Da zafi ya tashi furotin suka fara warwarewa sai DnaK ya shagala da su, sigma 32 ya kuɓuta ya kunna ƙera ƙarin DnaK da GroEL da sauransu, in sun yi yawa aiki ya lafa sai su sake kama shi. Yawan aikin da kansa ne ma'aunin.

Ta yaya ake ganin abun da ke faruwa cikin daƙiƙu a wuri ƙanƙani haka?

Hanyoyi da dama ne. Ɗaya ita ce a daskarar da fassara, a narkar da duk mRNA ɗin da ke fili, a karanta guntun da kowane ribosom ya rufe da jikinsa, wannan zai gaya maka inda yake tsaye. In ka tsamo ribosom ɗin da TF ke jikinsu kawai ka karanta nasu, ka san daidai tsawon da sarƙa ke kaiwa kafin ya kama ta, da haka aka samo lambar 100 ɗin can. Akwai madubin lantarki na samfurin da aka daskarar, wanda ke nuna siffar ribosom da sarƙa a cikin raminsa. Akwai kuma wata dabara mai kyau da lab ɗin Gunnar von Heijne a Suwidin suka yi amfani da ita sosai: SecM wani jeri ne da ke maƙalewa a cikin ramin ya tsayar da ribosom cak, ba ya saki sai an ja sarƙar. To in ka jona shi a bayan furotin ɗin da kake bincike, duk lokacin da furotin ɗin ya naɗe a bakin rami yana jan sarƙar, ribosom ya ci gaba. Ci gaban nan shi ne shaidarka cewa naɗewa ta faru, kuma a wane tsawo.

Mu ma muna da TF a jikinmu?

Ba mu da shi, a bakteriya yake sai kuma kuloroflas na tsirrai. A wurinmu NAC da RAC ne ke bakin ramin. Amma Hsp70 muna da shi, kuma a cikin mitokondiriya akwai Hsp60 da Hsp10, 'yan uwan GroEL da GroES na kusa.

Ni da ke son fitar da furotin a lab, me wannan zai amfane ni?

Sosai ma. E. coli ita ce aka fi sa wa ta ƙera furotin na waje, insulin ɗin mutum da aka fara amincewa da shi a 1982 a cikinta aka yi shi. Matsalar da kowa ke cin karo da ita ita ce ka kunna ƙerawa da ƙarfi, furotin ya fito da yawa, ka fasa sel ka juya a injin sai ka tarar duk yana cikin abun da ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ba komai. Abun da ya faru shi ne sarƙoƙin sun fi ƙarfin 'yan rakiyar da ke akwai. Shi ya sa shawarar farko kullum ita ce a sauke zafi zuwa digiri 16 ko 18 a bar shi ya kwana, a kuma rage IPTG, sinadarin da ake kunna ƙerawar da shi, don sarƙoƙin su riƙa fitowa daidai da abun da TF da DnaK za su iya riƙewa. In bai yi ba akwai plasmid, ƙaramin zoben DNA da ake saka wa bakteriya, da ke ƙara TF, ko DnaK da DnaJ da GrpE, ko GroEL da GroES, sai a gwada ɗaya-ɗaya domin wanda ya yi wa wannan furotin ba lallai ya yi wa wancan ba, kuma in furotin ɗinka ya haura kilodalton 60 da nisa kar ka sa rai sosai a kan ɗakin GroEL. GroEL na E. coli yana sanyin jiki in sanyi ya yi yawa, don haka aka yi nau'in ArcticExpress da ke ɗauke da irinsa daga Oleispira antarctica, bakteriyar tekun Antatika, wanda ke aiki ƙasa da digiri 15. Sannan ka yi hattara da masu canza maka duk kodon zuwa mafi sauri da sunan ingantawa, wani lokacin dakatawar da ka goge ita ce furotin ɗin ke buƙata. In ka tace furotin ɗinka kuma ka ga wani layi ya nace a wajen kilodalton 60 ko 70 a kan jel, akwai yiwuwar GroEL ne ko DnaK ke riƙe da shi har yanzu, wanke shi da ATP da magnesiyam yakan sa su saki, amma ka duba furotin ɗin da kyau ko ya naɗe daidai kafin ka ci gaba da gwaji.